KAFIN A HAU, A SHIRYA SAUKA

Darasi domin magina, leburori da masu gida

Jama'a masu karatu, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu lokacin gini ne. A kowane gari ana kwaɓa ƙasa, ana buga tubali. Wani yana ta da sabon ɗaki, wani yana yaɓen soro kafin ruwa ya sauka, wani yana buga kwano. Samari da yawa kuma sun tafi cin rani. Suna aikin lebura a shantiye, a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Waɗansu sun kai har Kano, Legas, Abijan, Aljeriya ko Libiya. A can gidajen bene ake ginawa, hawa 3, hawa 5, har fiye.

Aikin gini abinci ne. Amma ba a rasa gidan da ake kai ma mugun labari, a ce wane ya faɗo daga bisa. Wani ya rasu nan take. Wani ya karye a baya, yana kwance ba ya iya tashi. Mata da ɗiya babu mai ciyar da su, gona babu mai nome ta.

Wannan darasi yana koyar da abu biyu. Na farko, yadda za a hana mutum faɗuwa. Na biyu, abin da za a yi in ya faɗo. Duka biyun tun a ƙasa ake shirya su, kafin kowa ya taka tsani.

1. FAƊUWA BA TA BA MUTUM LOKACI

Waɗansu samari suna cewa: "In na zame, sai in kama wani abu." Wannan ruɗin kai ne. Wanda ya faɗo daga metir 5, daƙiƙa ɗaya tak yake yi ya iso ƙasa. Kafin ya miƙa hannu, magana ta ƙare.

Ga gudun da mutum yake isowa ƙasa da shi:

Daga metir 2: kilometir 22 a awa.
Daga metir 3: kilometir 28 a awa.
Daga metir 5: kilometir 36 a awa.
Daga metir 10: kilometir 50 a awa.

Metir 3 shi ne tsawon bangon ɗaki irin na kowa. Wanda ya faɗo daga nan, kamar wanda ya hau moto ne ya daki bango. In kansa ya sauka bisa dutse, ko bulo, ko ƙarfen da anka kafa, yana iya mutuwa. Ke nan ba sai gidan bene ba. Soron gida da rumbu sun isa su kashe mutum.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sanar a shekarar 2021 cewa faɗuwa iri-iri tana kashe mutum wajen dubu 684 kowace shekara. In an cire haɗarin hanya, babu haɗarin da ya kai ta kisa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa, mutanen ƙasashe marasa ƙarfi ne da masu matsakaicin hali.

Akwai masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma mai wannan magana ba ya barin jaririnsa bakin rijiya, ba ya kuma kwana da ƙofar garke buɗe. Maginan dā ma ba su yi sakaci ba. A dubi hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon metir 27, wadda anka gina da ƙasa. Itatuwan da sunka fito daga jikinta suna riƙe ginin, su ne kuma matakan da ake takawa in za a yi mata yaɓe. Tun ran gini anka tuna da wanda zai hau. Tun ran gini, tun ran zane.

2. MI KE KA DA MUTUM?

Tsani wanda ya ruɓe, ko wanda anka jingina ba daidai ba.
Katako wanda anka ɗora bisa tano ko bisa bulo, babu ɗauri.
Bakin rufi ko bakin bene wanda babu shinge.
Rami a tsakar bene wanda ba a rufe ba.
Tsohon kwano mai tsatsa, ko icen rufi wanda gara ta ci.
Wayar lantarki da ta ratsa kusa da gini.
Iska mai ƙarfi, ta hunturu ko ta gaban hadari.
Zafin rana, ƙishirwa da yunwa, masu kawo jiri. A watan 4 da watan 5 zafi yana wuce digiri 40.
Ƙwayoyi irin su taramol. Waɗansu leburori suna sha wai don su ji ƙarfi. Ƙwayar tana kawo jiri da barci, tana kuma iya ta da farfaɗiya. Wanda ya sha ta, kada a bar shi ya hau.
Gaggawa. Sauri ya haifi nawa.

Akwai waɗanda bai kamata su hau bisa ba ko kaɗan: yara ƙanana, mai farfaɗiya, mai zazzaɓi, da wanda ke fama da jiri. A ba su aikin ƙasa.

Dabara ta farko ita ce a rage hawan. Duk aikin da za a iya yi a ƙasa, a yi shi a ƙasa. A auna katako a yanke shi a ƙasa. A haɗa jinka a baibaye ta a ƙasa, sannan a taru a ɗora. Wanda bai hau ba, ba ya faɗowa.

3. TSANI

Kafin a jingina tsani, a kwantar da shi a duba matakansa ɗaya bayan ɗaya. In akwai tsagewa, ko cin gara, ko ƙusa mai motsi, a gyara ko a sake wani.

Ga ƙa'idar jingina tsani: kowane metir 4 na tsawo, gindin tsani ya nisanci bango da metir 1. In bangon metir 2 ne, nisan rabin metir ke nan. In gindin ya matso bango ƙwarai, tsani zai kife baya da mai hawa. In ya yi nisa ƙwarai, zai zame.

Kan tsani ya zarce bakin rufi da metir 1, don mai hawa ya sami abin kamawa in zai taka rufin ko zai sauko. A ɗaure kan tsani da igiya. Kafin a ɗaure, mutum ɗaya ya riƙe gindin da hannu biyu. A kafa gindin bisa ƙasa mai tauri. Kada a ƙara mashi tsawo da bulo ko turmi.

Mai hawa ya fuskanci tsani. Ko yaushe gaɓoɓinsa uku suna jikin tsanin: hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Kada ya hau da bokiti ko bulo a hannu. A jawo kaya da igiya, kamar yadda ake jan guga. Mutum biyu ba su hawa tsani ɗaya tare. Silifa tana zamewa, babbar riga tana maƙalewa. A sa takalmi mai kama ƙafa, a tamke riga.

Inda akwai wayar lantarki, a nisance ta da metir 3 aƙalla, mutum da tsaninsa da ƙarfen da ya riƙe. In manyan wayoyi ne masu ratsa daji, a ƙara nisa. Babbar waya ba sai an taɓa ta ba, wuta tana tsallakowa. In aikin ba ya yiwuwa sai kusa da waya, a tafi biron NIGELEC a nemi a yanke wuta tukuna.

4. DANDAMALI DA SHINGE

Tsani hanya ce ta hawa da sauka. Aikin da zai ɗauki lokaci, kamar jera bulo ko shafe, yana son dandamalin tsayuwa, wanda a shantiye ake kira eshafodaj.

Ƙafafun dandamali su zauna bisa katako mai faɗi, don kada su nutse cikin rairayi. A gicciya masu itace ko ƙarfe don kada su yi lilo. In dandamalin ya yi tsawo, a ɗaure shi da jikin gini. Katakon da ake takawa ya kai kaurin santimetir 4. Faɗin wurin tsayuwa ya kai santimetir 60 aƙalla, katakai a haɗe, a ɗaure, babu rata. Kada a tara bulo da siminti wuri ɗaya bisa katako. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu 4 sun yi nauyin ƙarti uku.

Abin da ya fi komi tsare rai shi ne shinge. Yana da sassa uku:

Sanda ta bisa, a tsawon metir 1 ko metir 1 da santimetir 10.
Sanda ta tsakiya, wajen rabin wannan tsawo.
Katako a tsaye a ƙasa, mai faɗin santimetir 10 zuwa 15, don kada ƙafa ta zurma, kada kuma guduma ta faɗo ma na ƙasa.

Shinge yana tsare kowa da kowa, babba da yaro, mai hankali da mai mantuwa. Don haka ya fi igiya, wadda mutum ɗaya kaɗai take tsarewa, shi ma sai in ya tuna ya ɗaura. A sa shinge a bakin bene, a gefen matakala, da kewayen duk wani rami. Ƙaramin rami kuwa a rufe shi da katako mai ƙarfi, a buga ƙusa. Kada a rufe rami da buhu, ko kwali, ko tabarma. Wannan tarko ne.

Na ƙasa su ma su yi hattara. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin masu aiki. A kori yara daga wurin. A shantiye a sa hular kwano, a ɗaure igiyarta a haɓa.

5. BISA RUFI

Kafin a hau soron ƙasa, a shiga cikin ɗaki a dubi rufin daga ciki. In azara ta lanƙwashe, ko gara ta ci ta, ko ƙasa tana zubowa, a tokare da gungume tukuna. Soron da ya sha ruwa ya ƙara nauyi, ya rage ƙarfi. A bari ya bushe.

Rufin kwano ba ko'ina ake taka shi ba. A bi layin ƙusoshi, don nan ne katako yake a ƙarƙashi. Abin da ya fi, a shimfiɗa dogon katako a yi tafiya bisansa. Kwanon roba mai shigo da haske, da kwanon siminti, suna fashewa farat ɗaya, kada a taka su. In iska ta taso, a ajiye kwano a sauko. Fallen kwano a hannu yana kama iska, ya ja mutum har baki.

6. IGIYA DA ƊAMARA

Inda ba a iya sa shinge, sai a koma ga igiya. Amma aikin igiya iri biyu ne, kada a haɗa su.

Iri na farko shi ne igiyar hana isa baki. Ana ɗaure ta gajere, yadda ko mutum ya ja ta duka ba zai kai bakin rufi ba. Kamar akuya ce da anka ɗaure a turke don kada ta kai ga shuka. Wannan ita ta dace da gidajen karkara. In rufin mai gangare ne, a tsallakar da igiyar ta bisa tsororuwa, a ɗaure ta a gindin babban icce ko wani abu mai ƙarfi a ɗaya gefen.

Iri na biyu shi ne igiyar tare wanda ya riga ya faɗo. Wannan ba a yin ta da igiya a ƙugu. In mutum ya faɗo da igiya a ƙugu, fizgar tana iya karya mashi baya, ko ta ji ma kayan cikinsa, ko ta zame ta shaƙe mashi ƙirji. Sai da ɗamarar tsaro, wadda ke kama kafaɗu, ƙirji da cinyoyi, mai zobe a tsakanin kafaɗu ta baya. Igiyarta tana da wani ƙunshi wanda ke warwarewa don ya rage ƙarfin fizga.

A nan akwai lissafin da mutane da yawa ba su sani ba. Igiya metir 2 ce. Ƙunshin yana iya warwarewa har metir 1 da santimetir 75. Daga zoben baya zuwa tafin ƙafa, wajen metir 1 da rabi. A ƙara metir 1 na rata. Jimla ta wuce metir 6. Ke nan wanda ya ɗaura irin wannan igiya daidai ƙafarsa, bisa rufi mai metir 4, zai daki ƙasa kafin igiya ta tare shi. Don haka a ɗaura igiya sama da kai, kuma a gajarta ta.

Wurin ɗauri ya zama mai ƙarfi ƙwarai. A ƙasashen Turai ana gwada ƙarfen ɗauri da nauyin wajen kilo 1200, wato buhun siminti 24. Zanko, indararo, bututun ruwa da ƙarfen taga ba su isa ba. A duba igiya da ɗamara kowace safiya. Wadda ta tsage, ko rana ta cinye ta, a jefar. Wadda ta taɓa tare mutum a faɗuwa, ta gama aikinta, kada a sake sa ta.

7. SHIRIN CETO

Ko an yi duk wannan, wata rana ƙafa na iya zamewa. A ranar, mutane suna ruɗewa. Kowa yana ihu, kowa yana ba da shawara, mai rauni yana kwance. Don haka ake shirya ceto tun da safe, lokacin da hankalin kowa yake kwance. Babban magini ya tara mutanensa minti 5, su amsa waɗannan tambayoyi:

Wa zai ba da umurni in abu ya faru? Mutum ɗaya ne, sauran su saurara.
Wa zai riƙe kan mai rauni?
Wa zai yi kira? Salularsa tana da caji da kuɗi? A ina ake samun layi?
Wace likita ce ta fi kusa, kuma wace hanya za a bi?
Motar wa, ko amalanken wa, za a ɗauka? An gaya ma mai shi?
Ina dogon tsani, igiya mai ƙarfi, ƙyaure ko faffaɗan katako, da tsumma mai tsabta?

A birane lambar ƴan kashe gobara, wato pompiye, ita ce 18. A karkara a nemi lambar ma'aikacin likita da ta mai mota tun kafin a fara aiki. A nan ne ɗalibin yaƙi da jahilci zai nuna amfanin karatunsa. Ya rubuta sunaye da lambobi da manyan baƙaƙe, ya liƙa takardar inda kowa zai gani.

Doka ɗaya kuma ba ta da togiya: kada mutum ya yi aiki a bisa shi kaɗai. Ko yaushe a sami wani a ƙasa wanda ke ganinsa.

8. IN MUTUM YA RATAYE A ƊAMARA

Ɗamara ta tare shi, bai daki ƙasa ba. Amma bai tsira ba tukuna. Mutumin da ke rataye ba ya motsi, jini yana taruwa a ƙafafunsa, ba ya komawa zuciya da ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Sai ya ji jiri da zufa da tashin zuciya, ya suma. A shekarar 2004 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin wannan ratayewa tana iya kai ga suma, har mutuwa, kafin minti 30. Ke nan ba a zauna jiran taimako daga nesa. Abokan aiki ne za su sauko da shi.

A yi ta yi mashi magana. A ce ya riƙa motsa ƙafafu kamar mai tuƙa keke, ya ɗaga gwiwoyi, ya tokari bango. A zura mashi igiya wadda anka ƙulle bakinta kamar likkafa, ya sa ƙafa ya miƙe tsaye. A kawo tsani ko dandamali ƙarƙashinsa. Saukar da mutum ya fi jawo shi sama sauƙi. A ɗaura wata igiya a zoben ɗamararsa, a zagaya ta sau biyu a jikin ƙarfe ko gungume mai ƙarfi, a riƙa saki sannu-sannu, kamar yadda masu ginar rijiya ke saukar da ɗan'uwansu. Kada a yanke igiyar farko sai ta biyu ta ɗauki nauyinsa. Mai zuwa ceto shi ma ya ɗaure kansa, don kada mai rauni ɗaya ya zama biyu.

In ya iso ƙasa a kwantar da shi, a sassauta ɗamara, a kai shi likita ko da ya ce lafiya lau yake.

9. IN MUTUM YA FAƊO ƘASA

A cikin ƙashin wuya da ƙashin baya akwai laka. Ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu. Ƙashi na iya karyewa lakar ba ta taɓu ba. In anka lanƙwasa mutum wajen ɗauka, karyayyen ƙashin sai ya yanke ta. Ƙashi yana ɗoruwa. Lakar da ta yanke ba ta ɗoruwa.

Ga abin da za a yi, bi da bi:

A duba wurin. In wayar lantarki tana jikinsa, kada a taɓa shi sai an yanke wuta.
A bar shi yadda yake kwance. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu, kada kan ya juya.
A kira sunansa. A duba ko yana numfashi. In ba ya numfashi, wanda ya koyi aikin agaji ya fara danna tsakiyar ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti.
In jini yana zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, toka ko kashin shanu.
Kada a zaunar da shi. Kada a ja mashi hannu ko ƙafa. Kada a ba shi ruwa, ko fura, ko magani.
In amai ya taso, a juya shi gefe gaba ɗaya, kai da wuya da baya a layi ɗaya, kamar ana juya gungume.
In motar asibiti za ta iya zuwa, a jira ta. In ba za ta zo ba, mutum 4 ko 5 su ɗora shi bisa ƙyaure, mai riƙe da kai shi ke ƙirgawa, a ɗaga tare. A naɗe zane a tokare kan dama da hagu. A ɗaure jikin da rawani ko majanyi. A kai shi a kwance, cikin mota ko amalanke, a hankali. Kada a ɗora shi bisa moto.

Wani yana tashi ya kakkaɓe jiki ya ce ba komi. A sa mashi ido kwana biyu. In an ga amai, ciwon kai mai tsanani, yawan barci, ruɗewa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, mutuwar hannu ko ƙafa, ko ciwon ciki da kumburi, a garzaya likita ko da tsakar dare ne. Jini na iya zuba a ciki ba a gani.

Masu ɗori suna da daraja a gari. Amma raunin kai, na wuya, na baya, da karayar da ƙashi ya huda fata, na asibiti ne, inda ake ɗaukar hoton ƙashi.

10. MISALI

Ga misalin garuruwa biyu, don a gane.

A gari na farko, wani lebura ya zame daga bango mai metir 3. Yana kwance yana cewa: "Wayyo bayana!" Yatsun ƙafarsa suna motsi. Jama'a sunka taru. Waɗansu sunka kama hannuwa, waɗansu ƙafafu, anka kai shi inuwa, anka zaunar da shi, anka ba shi ruwa. Sannan anka ɗora shi bisa moto tsakanin mutum biyu, sunka bi hanya mai gargada. Kowa taimako ya nufa. Amma ko da sunka isa likita, ƙafafun sun daina motsi.

A gari na biyu, babban magini ya tara yaransa tun da safe, ya raba ma kowa aikinsa. Mai gida ya ce: "Sarkin magina, rana tana yi, ku hau mana." Magini ya ce: "Yi haƙuri Alhaji, minti 5 ne. Ɗiyan mutane ne a hannuna." Da hantsi wani lebura ya zame, shi ma daga metir 3. Yana so ya tashi, yana cewa: "Maigida, bari in gwada." Magini ya riƙe mashi kai ya ce: "Kwanta ɗana, kada ka motsa." Wani ya cire ƙyaure, wani ya kira mai mota da lambar da ke jikin takarda. A asibiti anka ga ƙashin baya ya tsage, amma laka ba ta taɓu ba. Ya yi jinya, ya tashi da ƙafafunsa.

Faɗuwar iri ɗaya ce. Ɗaukar ce ta bambanta.

11. ABIN DA DOKA TA CE

Dokar ƙwadago ta Nijar, ta shekarar 2012, ta ɗora ma mai ba da aiki nauyin tsare rai da lafiyar ma'aikatansa. Ke nan shinge, ɗamara da hular kwano a shantiye haƙƙin lebura ne, ba alfarma ba. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ma ta fito da yarjejeniya mai lamba 167 a shekarar 1988, musamman domin tsaron masu aikin gini. Ma'aikacin da anka rubuta sunansa a asusun CNSS, in ya ji rauni wurin aiki, asusun yana ɗaukar nauyin jinya, muddin an kai rahoto da wuri. Wanda anka tauye ma haƙƙi yana iya kai kuka biron sufeton ƙwadago.

Saurayi mai shirin tafiya cin rani, ranar da ka isa shantiye ka tambaya: ina shinge, ina zan ɗaura igiya, wa zai sauko da ni in na rataye? Kuɗin yini ɗaya ba su sayen ƙashin baya. Mai gida kuma, kuɗin tsani mai kyau da igiya ba su kai kuɗin jinya ba. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Domi shinge ya fi igiya tsaro?
2. Mi ya sa ba a tare faɗuwa da igiya a ƙugu?
3. Faɗi abu uku da ba a yi ma wanda ya faɗo.
4. Mi mutumin da ya rataye zai riƙa yi da ƙafafunsa?

LISSAFI

1. Bango yana da metir 6. Nisan nawa za a bari tsakanin gindin tsani da bango?
2. Magini mai kilo 70 da lebura mai kilo 60 suna bisa katako, tare da buhun siminti 3. Kilo nawa katakon ya ɗauka?

AIKI

Kowane ɗalibi ya rubuta takardar shirin ceto ta garinsu: sunan likita mafi kusa, nisanta, lambar ma'aikacin likita da ta mai mota. Ya kai ma maginin unguwarsu. Ya kuma karanta wannan darasi da ƙarfi a dandali, domin waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, tun ba samarin da ke shirin tafiya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.